Yadda zaka koyi tuƙa ƙaramin jirgin sama na shaƙatawa a Amurka

Ba duk mai sha'awar tuƙin jirgin sama bane yake son ya sa farar riga mai anini a kafaɗa ya riƙa jigilar alhazai zuwa Jidda. Akwai wanda shi dai burinsa ranar Asabar da safe ya ɗauki ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu ya zaga saman gonaki da tafkuna, ya sauka a wani gari ya sha shayi ya dawo gida kafin azahar, shikenan. Toh irin waɗannan mutanen ne hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fito musu da lasisi na daban a 2004, sunansa sport pilot, kuma a kansa zan yi magana, musamman dan 'yan'uwa da ke zaune a can, masu tasi ne a New York ko ɗalibai ko ma'aikatan asibiti, waɗanda ke ganin abin kamar sai ɗan attajiri.

Tun kafin mu yi nisa bari in cire maka wani abu daga rai. Wannan lasisin ba na neman abinci bane. Ba zaka ɗauki fasinja ya biya ka ba, ba zaka kai kaya a biya ka ba, kai ko tafiyar kasuwancinka na kanka doka bata yarda kayi da shi ba. Mutum ɗaya tak zaka ɗauka, abin da aka yarda kawai shine ku raba kuɗin mai da hayar jirgi, shima da sharaɗin kai matuƙi ka biya aƙalla rabi. Sannan lasisin na cikin Amurka ne, in zaka tsallaka wata ƙasa da shi sai ita ƙasar ta baka izini tukuna, dan haka kar ka ɗauka zaka zo da shi gida ka miƙa wa NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, su buga maka hatimi. Wanda ke Najeriya kuma yake son tuƙi ya zama sana'arsa, hanyarsa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya ce wadda aka kafa tun 1964, ko ta Ilori, wancan wani zance ne daban mai tsawo da tsada.

Abin da ya sa mutane ke son wannan lasisin abu biyu ne. Na farko awowin koyo, doka ta ce awa 20 a sama, alhali lasisin da ke gaba da shi wanda ake kira private awa 40 ne. Na biyu kuma, wanda ni a ganina ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba, ba sai ka je likitan hukuma ya gwada ka ba in dai da rana zaka riƙa tashi. Lasisin tuƙin motarka na Amurka in yana da rai shine takardar lafiyarka. In an rubuta a jikinsa sai da tabarau zaka yi tuƙi, toh a jirgi ma sai da tabarau.

Amma a nan akwai rami, dan Allah a kula. In ka je ka nemi takardar lafiya ta FAA, irin wadda masu manyan lasisi ke nema, aka duba aka hana ka, toh ka rufe wa kanka ƙofar lasisin motar ma, ba zaka dawo kace bari in yi amfani da shi ba har sai ka warware matsalar da su, kuma warwarewar kan ɗauki watanni da kuɗin gwaje-gwaje. Wanda bai taɓa nema ba kuwa wannan sharaɗin bai shafe shi ba. Saboda haka in kana da hawan jini ko suga ko akwai maganin da kake sha kullum, kar wani a makaranta ya ce maka kawai je ka cike fom ɗin likita ai kowa na yi. Zauna da likitanka tukuna, ka kuma tuntuɓi AOPA, ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka, suna da masu ba mambobinsu shawara kan irin wannan. Kuma ba wai dabarar ɓoye ciwo nake koya maka ba, dokar da kanta ta ce in ka san kana da larurar da zata hana ka sarrafa jirgi lafiya toh ba ka ba tashi, ko lasisin mota goma ne a aljihunka.

Shekaru 17 ne mafi ƙaranci kafin a baka lasisin, 16 kafin ka tashi kai kaɗai, sama kuwa babu iyaka, akwai dattawa da suka fara bayan sun yi ritaya. Turanci dole ne, ka iya karantawa ka rubuta ka ji ka mayar.

Sai maganar takardu, wadda mu baƙi ta fi shafa. In kana da fasfon Amurka ka nuna wa malamin ya ajiye kwafi, an gama. In ba ɗan ƙasa bane, ko da kana da katin zama na dindindin, sai hukumar tsaron sufuri TSA ta bincike ka kafin a fara koya maka. Zaka yi rajista a shafinsu na intanet, ka saka sunan makarantar ko malamin, ka biya kuɗinsu, a ɗauki hoton yatsunka, sannan ka jira amsa. Fara wannan da wuri domin jiran ba a hannunka yake ba. Wanda kuma zai taso takanas daga gida dan koyo, bizar karatu zai nema ta hannun makarantar da ke da izinin ɗaukar ɗaliban waje, ba bizar yawon buɗe ido ba, kuma ya tuna ba shi da lasisin motar Amurka, kenan shi sai ya bi ta wajen likitan. Bayan haka akwai katin ɗalibin matuƙi, ana cike shi a shafin FAA mai suna IACRA tare da malaminka, katin roba ne yana zuwa ta gidan waya, ba a buƙatarsa ranar farko amma ba zaka tashi kai kaɗai ba sai da shi.

Kafin duk wannan wahalar ma, je ka biya kuɗin tashin gwaji. Kusan kowace makaranta na yi, rabin awa ko awa ɗaya, malami na gefenka ya baka sanda ka riƙe. Anan zaka san ko cikinka na ɗauka, dan ƙaramin jirgi ba kamar wanda ka saba hawa bane, duk iskar da ta motsa sai ka ji ta a jikinka. In ka ɗan ji tashin zuciya ranar farko kar ka yanke hukunci, yawanci yana wucewa. Masu yara kuma ku nemi reshen EAA, ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jirage, na kusa da ku, tun 1992 suke da shirin ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 17 su zaga da su kyauta.

Wajen zaɓen makaranta manta da manyan filayen jirgi, ƙananan nan na bayan gari zaka nema, da yawansu ko hasumiyar da ke ba jirage umarnin tashi da sauka basu da ita. Ka tambaye su jirgi nawa suke da shi irin wanda zaka koya a ciki, domin in ɗaya ne tilo ranar da ya shiga hannun makanike kai ma ka shiga hutu. Ka tambayi malamin wane irin lasisin koyarwa ne da shi, na sport kaɗai ne ko cikakke, in kana tunanin wucewa gaba wata rana cikakken ya fi maka sauƙi. Ka kuma tambaye shi ko yana shirin barin wajen, da yawan matasan malamai awowi suke tarawa su tafi kamfanin jirgi, kana tsaka da koyo sai ka ji an ce ya samu aiki, sabon malami kuma sai ya sake duba ka daga tushe da kuɗinka.

Sai nauyi, maganar da mutane ke jin kunyarta. Tsohuwar dokar ta ƙayyade irin waɗannan jiragen kar su wuce fam 1,320, kilo 600 kenan, da jirgin da man da mutanen da jaka duka, kujera biyu, inji ɗaya, gudu kar ya wuce not 120 wato wajen kilomita 220 a awa. Jirage da yawa da ke makarantu a kan wannan ma'aunin aka ƙera su, irin su Flight Design na Jamus, Tecnam na Italiya, Evektor na ƙasar Czech, RV-12 na kamfanin Van's, yawancinsu da injin Rotax 912 na Ostiriya mai doki 80 ko 100 wanda ke shan man mota mai kyau. Galan ɗaya na mai fam 6 ne. In kai ƙato ne malaminka ma ƙato, toh ba zaku cika tanki ba, wani lokacin ma sai an canja maka malami ko jirgi, dan haka faɗi nauyinka na gaskiya tun a waya.

Sai dai abubuwa sun sauya kwanan nan. A watan Yulin 2025, wajen babban taron jirage da ake yi duk shekara a Oshkosh ta jihar Wisconsin, aka sanar da sabuwar doka mai suna MOSAIC, ɓangaren matuƙa ya fara aiki ranar 22 ga Oktoban shekarar. An cire iyakar nauyin, aka koma auna jirgi da mafi ƙarancin gudun da fiffikensa ke iya ɗaukarsa, kar ya wuce not 59. Yanzu mai wannan lasisin zai iya tuƙa jirgi mai kujera huɗu, amma fasinja har yanzu ɗaya ne, kujeru biyun baya sai dai jaka. Amfanin wannan a wajen mai koyo babba ne, domin Cessna 172 da 152 waɗanda kusan kowace makaranta ke da su sun shigo ciki, ba sai ka yi tafiyar awa biyu a mota neman makaranta mai ƙaramin jirgi ba. In ka ga tsohon bidiyo ko rubutu yana ta maganar fam 1,320 ka duba kwanan watansa.

Toh awa 20 ɗin nan. Awa 15 da malami, awa 5 kai kaɗai, haka yake a takarda. A zahiri mutane ƙalilan ne ke gamawa a haka, mafi yawa sai sun wuce sosai, dan haka in kana lissafin kuɗi kar ka lissafa 20, ninka shi, in ka gama kafin nan ragowar ta zama kuɗin yawo. Ana cajin jirgi ne da awa, akwai mita da ke ƙirga lokacin da inji ke aiki ko kana ƙasa kana jiran layi, sama da dala 100 a awa abu ne da aka saba, malami kuma kuɗinsa daban. Shawarar da zan dage a kanta ita ce ka tara kuɗin tukuna sannan ka fara, ka riƙa zuwa sau biyu ko uku a sati. Mai zuwa sau ɗaya a wata rabin darasinsa tuna na baya ne, shi ya sa a ƙarshe ya fi kowa kashewa. Amma tarawa daban, miƙa wa makaranta duka a dunƙule daban, bar kuɗinka a asusunka ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, makarantu na rufewa.

Kowane darasi a ƙasa yake farawa. Zaka zagaya jirgin da takardar abubuwan dubawa a hannu, taya, fukafukai, farfela, man inji, ka leƙa tanki da idonka kar ka yarda da allura kawai. Akwai ɗan kofi mai haske da ake tara shi ƙarƙashin fiffike a tatso mai kaɗan, ka ɗaga shi sama ka duba. Man jirgi da ake kira 100LL shuɗi-shuɗi ne, in akwai ruwa zaka ganshi ya kwanta a gindin kofin dunƙule guda saboda ya fi mai nauyi, sai ka cigaba da tatsa har ya ƙare. Kafin ka tada inji ka leƙa ka ɗaga murya kace a kauce wa farfela ko da baka ga kowa ba.

Abin da ke ba direbobin mota wahala a satin farko shine a ƙasa da ƙafa ake juya jirgi, feda biyu ne, hannu kuma sai ya riƙa neman sitiyarin da babu. Wajen tashi in ka danna totur duka jirgin zai riƙa jan hagu saboda juyin farfela, zaka ji malami na ta maimaita ƙafar dama, ƙafar dama, har sai ƙafar ta koya da kanta. A sama kuma idonka waje yake, hancin jirgi da layin da sama ta haɗu da ƙasa, allurai leƙe kawai ake musu.

Bayan ka iya miƙewa da hawa da gangarowa da kwana, za a kai ka can sama a koya maka abin da ake kira sitol. Ba mutuwar inji bace. In ka ɗaga hanci fiye da kima iska ta daina bin bayan fiffike yadda ya kamata, sai ƙahon gargaɗi na cikin jirgin ya fara kuka, jirgi ya yi rawa, hanci ya faɗi. Jikinka zai ce ka ja sanda baya, gyaran kuwa akasin haka ne, ka saki hancin ƙasa, ka ƙara wuta, ka daidaita fukafukai. Ana maimaita shi a sama inda akwai fili saboda inda yake kashe mutane kusa da ƙasa ne, wajen kwanar sauka. Haka kuma wata rana kuna tafe lafiya lau malami zai janye totur yace injinka ya mutu, ina zaka sauka, sai ka riƙe gudun da littafin jirgin ya ce ya fi kai shi nesa, ka zaɓi fili, ka fuskanci iska.

Sauka ita ce mai cin awowi. Zaku yi ta zagaye filin a ƙafa 1,000 sama da ƙasa, yawanci kwanar hagu, ku sauka ku tashi ku sauka ku tashi har ka gaji da ganin titin. Matsalar kowa ɗaya ce, lokacin ɗaga hanci dab da taɓa ƙasa, wani yayi da wuri jirgi ya faɗo dam, wani ya makara ya buga tayar gaba. Maganinsa ka daina kallon gaban hanci, kai idonka can ƙarshen titi. Jirage marasa nauyi kuma iskar gefe na wasa da su fiye da manya, kar ka daina tuƙi dan taya ta taɓa ƙasa. In saukar bata yi maka ba danna wuta ka sake zagayowa, babu wanda zai maka dariya, mai jarrabawa ma ya fi son haka da ka dage.

Rediyo kar ya tsorata ka, jimlolin ƙalilan ne, wa kake kira, kai waye, kana ina, me zaka yi. Haddace sunayen da ake kiran haruffa da su a rediyo, Alfa, Bravo, Charlie, ka riƙa sauraron filin jirgin garinku ta intanet kana tuƙin mota. Shiga sararin manyan filaye masu hasumiya sai an baka ƙarin horo malami ya sa hannu a littafin awowinka, ni dai ina ganin ka karɓe shi tun kana ɗalibi.

Jarrabawar rubutu tambaya 40 ce a kwamfuta, awa 2, ana neman 70 cikin 100, sakamakon na aiki wata 24. FAA na da littattafanta kyauta a shafinta, ka gama da wannan da wuri. Kar ka yi haddar amsoshi kawai domin wuraren da ka faɗi suna fitowa a takardar sakamako kuma daga nan mai jarrabawar baki zai fara. Ɓangaren yanayi ne ya kamata ka fi ba ƙarfi. Doka ta ce sai kana hangen mil 3, kusan kilomita 5, kuma kana ganin ƙasa, duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Malam Aminu Kano lokacin hunturu saboda hazo ya hana tashi ya san me ake nufi. Zafi ma haka, in rana ta take iska na yin shara-shara, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ranar zafi a fili mai tudu da mutum biyu da cikakken tanki sai an zauna an yi lissafi.

Da azumi ka sa darasinka da sassafe bayan sahur, iska ma ta fi kwanciya lokacin. Darasin la'asar a cikin jirgi mai rufin gilashi da ƙishirwa asarar kuɗi ne, kuma kai kaɗai kam kar ma ka fara.

Ranar da malami ya gamsu, bayan wata 'yar jarrabawar rubutu tasa, zai sa hannu ya fita daga jirgin yace je ka zagayo. Jirgin zai ɗaga da wuri fiye da yadda ka saba tunda nauyin mutum guda ya ragu, kar ka firgita. Kuma kar ka sa rigar kirki a kwanakin nan, al'adarsu ce su yanke bayan rigar ɗalibi da almakashi su rubuta kwanan wata su liƙa a bango. Daga nan sai doguwar tafiya kai kaɗai, aƙalla mil 75 na ruwa, wajen kilomita 139, da cikakkiyar sauka a wuri biyu, zango ɗaya kar ya gaza mil 25 a miƙe. Ka koyi yinta da taswira da agogo ko da akwai GPS, ka kuma sauka da man da ya fi na rabin awar da doka ta ce a bari.

Jarrabawar ƙarshe wani gogaggen matuƙi ne da FAA ta wakilta yake yinta, kuɗinsa daban ne kuma ba kaɗan ba, layinsu na da tsawo dan haka a kama rana da wuri. Za a fara da ta baki a kan tebur, takardun jirgi, dokoki, taswira, yanayin ranar, sannan ku tashi ka nuna duk abin da aka koya maka. In baka san abu ba kace bari in duba littafi, ya fi kame-kame. In ka faɗi wani ɓangare yawanci shi kaɗai zaka sake bayan malami ya ƙara maka horo.

Da lasisi a hannu iyakarka ƙafa 10,000 daga matakin teku, ko ƙafa 2,000 daga ƙasar da ke ƙarƙashinka in ita ta fi tsawo. Tashin dare yanzu ya halatta a sabuwar doka amma sai da ƙarin horo da takardar lafiya, lasisin mota kaɗai bai isa ba. Kafin ka ɗauki mutum sai ka yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, duk wata 24 kuma ka koma wajen malami awa ɗaya a ƙasa awa ɗaya a sama. Sayen jirgi ka ɗan dakata masa, nemi kulob ɗin da mutane ke haɗa kuɗi su mallaki jirgi ɗaya, hayar ta fi sauƙi kuma zaka samu tsofaffin hannu da zaka riƙa bi. Ranar da zaka fara ɗaukar maiɗakinka ko mahaifiya kuwa, zaɓi safiya mara iska, tafiyar ta zama gajera, kwana a hankali, ka nuna musu yadda ake buɗe ƙofa da bel tun a ƙasa, ka kuma ajiye leda kusa da hannunsu.